Yadda Ake Warware Tsoffin Gyare-gyaren Tsari Idan Za a Haɗa Muryoyi a Manhajar Rubuta Waƙa

Da yawa daga cikin ƙungiyoyin mawaƙa na ikilisiyoyin Jos da kewaye, daga Tudun Wada har Bukuru, da muryoyi huɗu suke rera waƙa: sufurano da alto a ɓangaren mata, teno da bes a ɓangaren maza. Wanda ya zauna rubuta sabuwar waƙa a kwamfuta yakan fara ne da ba kowace murya layukanta biyar, wato sitaf ɗinta ita kaɗai, domin ta haka ido yake bin kowace murya ba tare da ruɗewa ba. Sai dai idan lokacin bugawa ya zo, waƙar da ta ci shafi huɗu dole a biya kuɗin kwafin shafi huɗu ga kowane mawaƙi, kuma mai kaɗa kibod ba ya jin daɗin karanta sitaf huɗu a lokaci guda alhali hannuwansa biyu ne. Shi ya sa ake tattara muryoyin a sitaf biyu, mata a sama, maza a ƙasa, kamar yadda aka saba gani a littattafan waƙoƙin sujada.

Haɗawar kanta ba ta cin lokaci, domin manhajojin yanzu suna yin ta da umarni ɗaya ko biyu. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne abin da ke bayyana bayan an haɗa: sandunan notocin alto sun miƙe sama sun kutsa cikin na sufurano, alamar shiru ta hau kan nota, bakan da ke ɗaure notoci ya ratsa ta tsakiyar kalmomin waƙa, su kuma kalmomin sun fito sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Da yawa sukan ɗauka manhajar ce ta rikice, sai su kama linzamin kwamfuta su shiga jan alamomin ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba, kuma da zarar an ƙara gaɓa guda a waƙar, wato yankin sitaf da ke tsakanin layuka biyu na tsaye, ko an canja girman takarda, duk wahalar ta tashi a banza. Manhajar ba ta rikice ba. Biyayya take yi ga umarnin da aka ba ta tun lokacin da kowace murya take zaune ita kaɗai, umarnin da mai rubutun ya daɗe da mantawa da shi.

Yana da kyau a fahimci tushen lamarin kafin a taɓa madannai. Idan murya ɗaya ce a sitaf, ƙa'idar rubutun kiɗa ita ce notar da ke ƙasa da layin tsakiya sandarta ta kalli sama, wadda ke sama da shi kuma sandarta ta kalli ƙasa, alamar shiru ta zauna a tsakiya. Idan muryoyi biyu suka haɗu a sitaf ɗaya, wata ƙa'ida ce ke aiki: duk sandunan muryar sama suna kallon sama, duk na muryar ƙasa suna kallon ƙasa, komai tsayin nota ko zurfinta, bakuna ma haka, alamun shiru kuma kowace ta matsa ɓangaren muryarta. Manhaja ta san ƙa'idojin nan biyu, kuma da kanta take sauyawa daga wannan zuwa waccan, muddin an bar mata zaɓi. Amma duk alamar da hannu ya taɓa, ko an juya sandarta, ko an ja ta gefe, ko an ɓoye ta, manhaja tana ɗaukar wannan a matsayin hukuncin mai waƙa, ta manna shi a jikin notar, ya bi ta duk inda aka kai ta. Don haka aikin namu irin na tela ne da aka kawo wa riga ya rage: sai ya farke tsohon ɗinki tukuna kafin ya ɗora sabo.

Zan gina bayanin a kan manhajar MuseScore, saboda kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Wani Bajamushe, Werner Schweer, ya fara ta a 2002, an fitar da siga ta 3 a Disambar 2018, siga ta 4 kuma a Disambar 2022, kuma sunayen umarnin da zan ambata na waɗannan sigogi biyu ne, kamar yadda suke a rubuce a allo. Kowane sitaf a cikinta yana ɗaukar muryoyi har huɗu, kuma idan ka zaɓi nota launinta yana gaya maka muryar da take ciki: ta ɗaya shuɗiya, ta biyu koriya, ta uku ruwan lemo, ta huɗu shunayya. Ta ɗaya da ta uku sandunansu sama suke kallo, ta biyu da ta huɗu ƙasa. Ka lura cewa waɗannan lambobi na kowane sitaf ne daban, ba na ƙungiyar mawaƙa ba. A sitaf ɗin maza teno ce murya ta ɗaya, bes ta biyu, kuma wanda ya sa su a ta uku da ta huɗu don yana ƙirga su bayan mata zai tara wa kansa alamun shiru marasa amfani a kowace gaɓa.

Kafin a fara

Ka ajiye fayil ɗin mai sitaf huɗu yadda yake, ka yi kwafinsa da wani suna, ka yi aikinka a kan kwafin. Ctrl+Z yana mayar da kai baya ne kawai muddin ba ka rufe fayil ɗin ba, kuma wanda yake aiki da kwamfutar tebur a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama ya san yadda fayil yake rufe kansa. Bayan haka tsohon fayil ɗin zai yi maka amfani ranar da za ka koya wa 'yan alto nasu ɓangaren su kaɗai.

Sai ka duba abubuwa biyu da suka shafi kiɗan kansa. Na farko shi ne mabuɗin teno, wato alamar da ke farkon sitaf mai nuna sautin da kowane layi yake wakilta. A rubutu mai sitaf huɗu, ana rubuta teno da mabuɗin sama mai ɗan ƙaramin 8 a ƙarƙashinsa, wanda ke nuna cewa sautin ya yi ƙasa da abin da aka rubuta da oktef guda. Idan mai rubutun ya sa wannan mabuɗin, notocin za su faɗa daidai wurinsu lokacin da aka kai su sitaf ɗin bes. Idan kuwa mabuɗin sama zalla ya sa ba 8, za ka ga teno ta tashi can sama a kan tarin ƙananan layuka, kuma maganinta shi ne ka zaɓi notocin duka ka danna Ctrl tare da kibiyar ƙasa sau ɗaya. Na biyu, ka bi kowane sitaf ka ga ko akwai inda aka riga aka yi amfani da murya ta biyu, misali a gaɓar ƙarshe inda ake raba 'yan sufurano gida biyu. Irin wannan wurin ka rubuta lambar gaɓarsa a takarda, domin zai buƙaci kulawa ta musamman idan alto ta iso ta tarar an zauna mata a kujera.

Warwarewa

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma ina ba da shawarar a yi shi kafin haɗawa, lokacin da kowace murya take a sarari, ido yana ganin abin da ya canja. Ka danna gaɓar farko ta sitaf ɗin da za ka gyara, ka riƙe Shift ka danna gaɓar ƙarshe, ko kuma ka danna Ctrl+A idan waƙar duka kake nufi. Sai ka danna Ctrl+R, wanda shi ne umarnin Reset shapes and positions da ke ƙarƙashin Format. Wannan umarni yana mayar da alamomin da aka ja da linzami wurinsu na asali, yana mayar da bakunan da aka lanƙwasa da hannu yadda manhaja ta so su, yana kuma sakar wa sandunan da aka juya da harafin X mara. Kada ka tsorata idan shafin ya ɗan yi muni bayan wannan, domin wasu gyare-gyaren da ka warware suna da dalili a wancan lokacin. Dalilin ne ya ƙare, tunda muryar za ta canja mazauni.

Bayan Ctrl+R, ka tabbatar da idonka. Danna F8 ya buɗe maka akwatin da ke gefen allo, wanda ake kira Inspector a siga ta 3, Properties a siga ta 4, ka zaɓi wasu notoci daga wurare daban-daban ka ga ko alkiblar sandarsu tana kan Auto. Duk inda ka ga an kafe ta a sama ko a ƙasa, ka mayar da ita. Haka za ka yi wa bakuna, ka danna ɗaya da maɓallin dama na linzami, ka shiga Select ka zaɓi duk masu kama da shi a sitaf ɗin, ka mayar da alkiblarsu gaba ɗaya lokaci guda. Wannan dabara ta zaɓar masu kama da juna ita ce ke rage aikin yini ya koma na 'yan mintoci, kuma tana aiki ga alamun ƙarfin murya da kalmomin waƙa da alamun shiru duka.

Akwai abubuwa uku da ke da nasu umarnin daban. Gadar da ke haɗa wutsiyoyin gajerun notoci, idan an karya ta ko an ƙulla ta da hannu, Reset beams ne ke mayar da ita. A nan sai ka yi tunani kafin ka danna, domin tsofaffin rubuce-rubucen waƙar baki suna raba gadar bisa gaɓoɓin kalma, kuma idan da gangan aka yi haka ga dukkan muryoyin, ba laifi a bar shi. Faɗin gaɓoɓi da aka ƙara ko aka rage yana komawa daidai da Reset layout stretch, a ƙarƙashin Stretch. Sai alamomin karya layi da karya shafi, da kuma masu buɗe tazara tsakanin sitaf da sitaf, waɗanda aka sa lokacin da shafi yake ɗaukar sitaf huɗu a jere. Waɗannan duka ka goge su, domin idan ka bar su za ka ga rabin shafi fayau, kuma ribar takarda da ka yi wannan aiki dominta ta tafi. A siga ta 4 akwai umarnin Reset entire score to default layout da ke share gyare-gyaren tsari na waƙar baki ɗaya. Yana da sauri, amma ba ya tambaya ko ka sha wahala wajen daidaita kan waƙa da sunan mawallafi, don haka a kan kwafi kaɗai ya kamata a gwada shi.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ɓoyayyun abubuwa. Harafin V yana ɓoye alama, kuma mutane suna amfani da shi sosai wajen kawar da alamar shiru da ta tsone musu ido. Ka shiga View ka kunna Show invisible, duk abin da aka ɓoye zai bayyana da launin toka. Ka bi su ɗaya-ɗaya. Alamar shiru da aka ɓoye a sitaf ɗin alto don wani dalili na baya za ta shiga sabon sitaf a ɓoye, kuma mawaƙiyar da ba ta ga inda za ta dakata ba za ta shigo kafin lokaci.

Haɗawa

Yanzu ka zaɓi sitaf ɗin sufurano da na alto tare, daga farko har ƙarshe, ka shiga Tools ka danna Implode. Manhaja za ta bar sufurano a murya ta ɗaya, ta kawo alto murya ta biyu a sitaf ɗin sama. Ka maimaita ga teno da bes, ka tabbatar mabuɗin sitaf ɗin ya koma na ƙasa, sannan ka cire sitaf ɗin da ba a buƙata ta wurin jerin kayan kiɗa.

Wanda yake son ya riƙe linzamin aikin da kansa yana da wata hanya. Ya zaɓi alto duka, ya shiga Tools, Voices, ya danna Exchange voice 1-2, sai notocin su koma kore. Daga nan ya buɗe Selection filter, wato matatar da ke tace abin da za a zaɓa, ya cire alamar da ke gaban murya ta ɗaya, domin kada alamun shirun da suka cike gurbinta su je su shafe sufurano, ya kwafa, ya liƙa a gaɓar farko ta sitaf ɗin sama. Na fi son wannan hanya idan kalmomin waƙar iri ɗaya ne ga kowa, domin a cikin matatar nan za ka iya cire alamar da ke gaban kalmomi da alamun ƙarfin murya, notoci kaɗai su ƙaura, ka huta da gogewa daga baya. Amma matatar ita ma saiti ce da ke buƙatar warwarewa. Da ka gama, ka mayar da duk alamomin da ka cire, in ba haka ba za ka zo kwafar wani abu gobe ka tarar rabinsa kaɗai ya biyo ka, ka rasa dalili.

Idan ka sake danna Implode a karo na biyu a kan sitaf ɗin da ya riga ya haɗu, manhaja za ta narkar da muryoyin biyu su zama notoci masu sanda ɗaya a duk inda tsawonsu ya zo daidai. Shafin yakan yi tsaf, mai kibod kuma yana son haka, amma ga mawaƙa ina ganin hasara ce. Na taɓa zama a bitar wata ƙungiyar mawaƙa da yamma, an raba sabuwar takarda da aka yi wa irin wannan narkarwa, kuma a wata gaɓa sufurano da alto sun haɗu a nota guda, sai ta fito da kai ɗaya da sanda ɗaya mai kallon sama. Da aka iso wurin, layin alto gaba ɗaya ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ɗaga takardarta, yatsanta a kan notar, ta ce, "Malam, a nan mu shiru za mu yi?" Shugaban mawaƙan ya ce, "A'a Mama, tare kuke da su, sauti ɗaya ne." Ta ce to ai ba a rubuta musu ba. Gaskiyarta ne. Nota mai kai ɗaya da sanduna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ita ce ke gaya wa kowane ɓangare cewa da shi ake, kuma wannan ɗan layin ba abin da za a sadaukar ba ne don shafi ya yi kyau.

Bayan an haɗa

Sai yanzu ne hannu yake da izinin taɓa wani abu, kuma ko yanzu ma da taka-tsantsan, kada garin gyaran gira a rasa ido. Fara da alamun shiru. Inda muryoyin biyu suka yi shiru tare, za ka ga alamomi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Maimakon ka ɓoye ɗaya ka ja ɗayar tsakiya a kowace gaɓa, ka danna sitaf ɗin da maɓallin dama, ka shiga Staff/Part properties ka kunna Merge matching rests, manhaja ta haɗe su da kanta. Ka kuma sani cewa alamar shiru ta murya ta ɗaya ba ta goguwa, sai dai a ɓoye ta, amma na sauran muryoyin suna goguwa. Wannan yana da amfani a wurin da waƙa ta koma murya guda na ɗan lokaci, kamar inda mace ɗaya take ba da waƙa kafin jama'a su amsa. Idan ka goge alamun shirun murya ta biyu a waɗannan gaɓoɓi, sandunan mai bayarwar za su koma bin ƙa'idar murya ɗaya da kansu, ba sai ka juya ko guda ba. Sai ka rubuta a saman wurin cewa mutum ɗaya ne ke rerawa, domin 'yan alto su san ba mantawa aka yi da su ba.

Kalmomin waƙa kuma, idan iri ɗaya ne, layi ɗaya ya isa, a tsakanin sitaf ɗin mata da na maza inda kowa zai gani. Inda muryoyi suka rabu, kamar amshin da maza suke maimaita kalma bayan mata, kalmomin muryar sama su hau saman sitaf, na muryar ƙasa su sauka ƙasa, kuma harafin X yana yin wannan juyin ba tare da ja da linzami ba. Masu rubuta haruffan solfa a jikin notoci saboda mawaƙan da da solfa suka tashi, su ma wannan tsarin ya dace su bi, na sufurano a sama, na alto a ƙasa, domin layuka biyu na d, r, m a gefe ɗaya ba mai iya raba su cikin sauri. Inda muryoyi suka gitta, alto ta hau sama da sufurano na nota ɗaya ko biyu, ka bar sandunan yadda suke. Ba su da kyan gani, amma su kaɗai ne shaidar wace nota ce ta wa.

Masu aiki da manhajar Sibelius za su sami irin waɗannan umarni da wasu sunaye: Ctrl+Shift+P yana mayar da alama wurinta, Ctrl+Shift+D yana mayar da siffarta, Ctrl+Shift+N yana daidaita tazarar notoci, Alt tare da lamba yana kai nota wata murya, Shift+V kuma yana musanya ta ɗaya da ta biyu. Su kuma masu tsofaffin fayilolin manhajar Finale, wadda kamfaninta ya sanar da daina haɓaka ta a Agustan 2024, idan suka kawo waƙoƙinsu MuseScore ta hanyar MusicXML, nau'in fayil ɗin da manhajojin rubuta waƙa suke musayar waƙa da shi, su sani cewa fayil ɗin yana zuwa da tsohon tsarinsa a jikinsa. A cikin Preferences, sashen Import, za a iya kashe shigo da tsari da karya layuka tun kafin a buɗe fayil ɗin, kuma hakan ya fi sauƙi a kan warwarewa daga baya.

Ga masu rubutu da LilyPond

Manhajar LilyPond, wadda 'yan ƙasar Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara a 1996, ba ta aiki da jan linzami. Ana rubuta waƙa ne da haruffa da umarni, ita kuma ta fitar da shafi. Duk da haka matsalar ɗaya ce, sai dai a nan tana rubuce baƙi da fari, kuma kusan kowane umarni yana da abokin da ke warware shi. Umarnin \voiceOne yana kafe sanduna da bakuna sama, \voiceTwo yana kafe su ƙasa, \oneVoice kuma shi ne ke sake su. Wanda ya raba murya na gaɓa biyu ya manta bai rubuta \oneVoice a ƙarshen rabuwar ba zai ga sauran waƙar duka da sanduna a sama. Haka \stemNeutral yake warware \stemUp da \stemDown, \slurNeutral da \tieNeutral suke warware na bakuna, \revert yake warware \override, \unset kuma yake warware \set. Idan gyaran na nota guda ne, a sa \once a gabansa, ya mutu da kansa bayan notar.

Akwai tarkuna biyu da ya kamata a sani. Na farko, warwarewa tana aiki ne kawai a mazaunin da aka yi gyaran. Abin da aka gyara da sunan Staff, da sunan Staff za a warware shi, kuma abin da aka gyara a cikin wata murya ba ya warwaruwa daga cikin wata. Wannan yana cizon mutane ne saboda tsarin raba murya da layuka biyu masu karkata, wato \\, yana ƙirƙirar sababbin muryoyi ne na wucin gadi, don haka gyaran da aka yi kafin rabuwar ba ya shiga ciki, wanda aka yi a ciki kuma ba ya fitowa. Na biyu, \stemNeutral ba ya mayar da kai inda kake kafin ka yi gyara, yana mayar da kai ga ƙa'idar murya ɗaya ne. Idan kana cikin alto da ke ƙarƙashin \voiceTwo ka juya sanda sama na ɗan lokaci, sannan ka rubuta \stemNeutral, ka cire har da umarnin da ke riƙe sandunan alto a ƙasa. Abin da ya dace shi ne ka sake rubuta \voiceTwo, ko tun farko ka sa \temporary a gaban \override ɗinka, wanda ke ajiye tsohon saiti a ƙarƙashin sabo, ta yadda \revert zai tone shi yadda yake.

Umarnin \partCombine, wanda tsofaffin sigogi suke rubutawa da ƙaramin c, yana haɗa muryoyi biyu da kansa, yana yanke hukunci a kowane wuri ko a ware su ko a haɗe su a sanda ɗaya. Don yin haka yana yawo da notoci tsakanin muryoyinsa na ciki, waɗanda ya raɗa wa sunaye irin su one, two, shared da solo, kuma shi ya sa gyaran da aka rubuta a tsakiyar notoci yakan tsaya a muryar da yake ciki a wannan lokacin, warwarewarsa kuma ta faɗa wata muryar dabam, tsohon gyaran ya sake fitowa gaɓoɓi da yawa a gaba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ajiye notocin kowace murya a nasu suna ba tare da ko umarnin tsari ɗaya a ciki ba, a sa umarnin tsari a wurin da ake harhaɗa shafi. Inda ya zama dole a sa gyara a cikin notoci, a lulluɓe shi da \tag, a cire shi da \removeWithTag a shafin da aka haɗa, a bar shi a shafin murya guda. Idan ka tilasta rabuwa da \partCombineApart, ka tuna da \partCombineAutomatic a inda tilastawar ta ƙare. Rubutun a2 da Solo da yake sawa a saman sitaf na masu kayan kiɗa ne, ga mawaƙa a kashe shi ta hanyar mayar da printPartCombineTexts zuwa ##f. Kuma tunda wannan umarni ba a gina shi don ɗaukar kalmomin waƙa ba, sai a sake saka notocin sufurano a cikin NullVoice, murya marar bayyana a shafi, a ɗaure kalmomin a jikinta.

Kowace manhaja ka yi aiki da ita, kafin ka kai fayil shagon kwafi ka fitar da shi a matsayin PDF a girman A4, domin wasu manhajojin suna zuwa da girman takardar Amurka, wadda ta fi tamu gajarta da faɗi, kuma firinta za ta matse shafin ko ta yanke gefensa. Ka buga kwafi ɗaya tak, ka ajiye shi gefen tsohon mai sitaf huɗu, ka bi alto da yatsa daga gaɓar farko zuwa ta ƙarshe, sannan teno, kana ƙirga bugun kowace gaɓa ka ga ya cika ga kowace murya ita kaɗai. Gaɓoɓin da ka rubuta lambobinsu tun farko, inda murya ta rabu gida biyu, su ne za ka fi tsayawa a kansu, domin a can ne nota takan faɗa murya ta uku ba tare da an lura ba, sandarta ta kalli ɓangaren da ba nata ba.